Akwatin Masaƙi

Makullin ƙofar ne ya fara ba ni labari. A sanina da gidan, babu abin da ke tsare ƙofar nan sai wata 'yar sakata ta ƙarfe da ake turawa daga ciki idan dare ya yi. Yanzu an manna mata wata na'ura mai lambobi. Baƙo ya biya kuɗi ta intanet, a turo masa lamba a waya, ya danna ya shiga, ya yi kwana biyu ya tafi, bai san mai gidan ba, mai gidan bai san shi ba. Na tsaya a bakin titi ina kallon matakalar katakon da ta bi jikin bango ta waje ta hau ɗakin sama. Ta sha sabon fenti, kowane mataki da tukunyar fure. A kan matakan nan Oma take shanya tsummokan girkinta, nan kuma nake zama da hantsi in sha kofi, ina jin ta tana korar kajin maƙwabta da wani harshe da ban san ko kalma ɗaya a cikinsa ba.

Garin shi ne Fredericksburg, a cikin tuddan tsakiyar jihar Teksas ta Amurka, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi yamma da Austin. Ina ɗalibi na fara zuwa. Hutu ya zo kowa ya watse, wani abokin karatuna ya ga ba ni da inda zan nufa, ya ce in taso mu je wajen kakarsa. Oma suke ce mata, wato kaka da Jamusanci, ni ma na bi sahu. Ta haura tamanin a lokacin, 'yar ƙaramar tsohuwa, yatsunta sun kanannaɗe kamar saiwar itace. Da ta ji ba na cin naman alade ba ta tambaye ni dalili ba, ta ɗauko wata tukunya ta wanke tas, ta ce daga yau wannan tawa ce. Shekara uku na yi ina zuwa, wani lokaci ma ni kaɗai. Har gobe, in na ji ƙamshin burodi mai ɗan tsami yana fitowa daga tanderu, ɗakin girkinta nake gani, da tsohon agogon bango, da kwalaben jam da ta jera a kan taga rana tana ratsa su.

A wancan lokacin, in ka bi babban titin garin da safe, titin da aka yi shi da faɗi don amalanken shanu ya samu wurin juyawa, za ka iya tarar da tsofaffi biyu ko uku a kan benci da hulunan kaboyi, suna hirar ruwan sama da farashin awaki da Jamusanci. Ko a lokacin ba su da yawa, kuma da zarar baƙo ya matso sai su juya zuwa Turanci. Wannan zuwan na bi titin daga farko har ƙarshe. Jamusanci ya fi da yawa a ido: marhabin a kan alluna, sunayen abinci a ƙofar gidajen cin abinci, tutar Jamus a shagunan tsaraba. Na kasa kunne sosai. Na ji Turanci, na ji Sifaniyanci daga bayan kicin-kicin, ban ji jimla ɗaya ta Jamusanci ba. Harshen ya sauka daga baki ya hau allo.

A gindin gadon Oma akwai wani akwatin katako mai ɗaurin ƙarfe a kusurwoyi, girmansa ya isa ƙaramin yaro ya kwanta a ciki. A murfinsa an rubuta sunan mai shi da baƙin fenti, sai Bremen, sai Galveston, sai 1845. Na kakan mahaifinta ne. Wata rana da yamma ta sa jikanta ya ɗaga murfin. Wani wari ya taso na tsohon itace da tsohuwar takarda. A ciki akwai littafin addu'o'i da bangonsa ya ɓare, da ƙunshin wasiƙu ɗaure da zare, da wani ɗan katako mai tsini a kai biyu, cikinsa a fafe, ya yi baƙi ya yi santsi saboda riƙo. Abokina ya ce tun yana yaro yake wasa da shi a baho, jirgin ruwa ne na yara. Ni kuwa hannuna ya riga bakina gane shi. Kakana na wajen uwa masaƙi ne a wani ƙauye gabas da Kano, na taso ina ganin irinsa yana kai da komo tsakanin zare. Nasa ya fi wannan ƙanƙanta, amma ƙirar ɗaya ce. Na ce wannan ƙoshiyar saƙa ce.

Oma ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "A ina ka san wannan, yarona?" Na ce, "Kakana ma masaƙi ne, Oma." Ta karɓi abin ta juya shi a tafin hannunta, ta faɗi sunansa da harshenta, Schiffchen, ta sa na maimaita har sau uku kafin ta yarda na faɗa daidai. Ta ce ma'anarsa ɗan jirgi. Sannan ta zauna a bakin gado ta soma labarin, wanda ba a dare ɗaya ya ƙare ba.

Mutumin masaƙin lilin ne daga wani ƙauye a ƙasar Nassau, kusa da kogin Rhine. A lokacin babu wata ƙasa ɗaya mai suna Jamus, sai masarautu manya da ƙanana barkatai. A yankinsu gado rabawa ake yi tsakanin 'ya'ya, gona ta yi ta tsagewa har ta koma ba ta ci da gida. Saƙa ce take cike gurbin, sai ga yadin inji daga Ingila ya shigo da araha ya karya kasuwar saƙar hannu. A 1845 kuma cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, abincin talaka, ya ruɓe a cikin ƙasa. Wanda ya ga masaƙan ƙauyukanmu sun jingine masaƙa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Wani abu da ya tsaya mini a rai shi ne, shekara shida bayan wannan masaƙi ya bar gida don sana'arsa ta mutu, wani Bajamushen, Heinrich Barth, ya shigo Kano a 1851 yana mamakin yadda saƙa da rini suke ci da garin, yadin Kano yana kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Namu lokacin yana tafe, jinkiri kawai ya yi.

Ana cikin wannan hali sai ga takardu suna yawo a ƙauyuka. Wasu 'ya'yan sarauta sun haɗu a Biebrich a 1842 sun kafa ƙungiyar da aka fi sani da Adelsverein, da niyyar kwashe talakawan Jamus zuwa Teksas. Magidanci ya biya dala 240, a kai shi da iyalinsa, a ba shi eka 320, da gida, da abinci har ya girbe amfanin farko. Mutumin da gonarsa ba ta kai eka biyu ba aka ce masa 320. Ya sayar da masaƙarsa da rabon gadonsa, ya ɗauki matarsa da 'ya'ya biyu, ya jefa ƙoshiyar a akwati. Ina jin ya yi zaton zai sake kafa masaƙa a can.

Sun yi wajen wata biyu a cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska. Sun baro gida da nufin zuwa wata jamhuriya mai cin gashin kanta, kafin su gama gane inda suke Teksas ta shige cikin Amurka a ƙarshen Disamban 1845. Daga Galveston aka kwashe su a ƙananan jirage zuwa wani bakin gaɓa da daga baya aka kira Indianola. Babu gari a wurin, sai yashi da fadama da sauro. Kuɗin ƙungiyar ya ƙare. Amalanken da za su kai mutane cikin ƙasa suka yi wuya, ruwan sama ya kashe hanya, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Meziko a 1846 kuma soja suka ɗauke masu amalanken da kuɗin da ya fi na ƙungiyar. Dubban mutane suka zauna a bakin teku, wasu a bukkokin ciyawa, wasu a ramuka da suka haƙa suka rufe da zanin gado. Atuni da zazzaɓi suka shiga cikinsu.

A nan Oma takan rage murya. Jaririn ne ya fara tafiya, aka binne shi a cikin yashi. Da mutumin ya ga zama mutuwa ne, ya bar akwatin a hannun wani, ya saɓa 'yarsa a wuya, shi da matarsa suka bi sawun masu tafiya a ƙasa zuwa New Braunfels, sama da kilomita 200. Matar ba ta kai ba. Ya haƙa mata rami da hannu da guntun itace a gefen hanya, a wurin da bai san sunansa ba, bai kuma sake gane shi ba har ya mutu. Ɗaruruwan mutane ne suka ƙare haka a wannan shekara, har wani fasto a New Braunfels, Louis Ervendberg, ya tattara marayun da aka bari ya riƙe su. Indianola kanta guguwar teku ta daka ta a 1875, ta ƙarasa ta a 1886. Na taɓa zuwa wurin. Ruwa ne da iska da wasu alamomin tunawa, yawancin inda garin yake yana ƙarƙashin teku.

Ayarin farko ya isa inda Fredericksburg take a ranar 8 ga Mayu 1846, mutum kamar 120, bayan kwana goma sha shida a hanyar da yau mota ba ta cika awa biyu a kanta. Masaƙin ya biyo baya a wani ayarin. Abin da aka ba shi fili ne na gida a cikin gari da eka goma a bayan gari. Eka 320 ɗin tana can arewa, hayin kogin Llano, a tsakiyar ƙasar farautar ƙabilar Comanche, kuma ƙasa ce mai duwatsu da ƙarancin ruwa. Kamar yawancin 'yan'uwansa, bai taɓa noma ta ba, takardar ya sayar da arha. Kafin shekara ta zagayo ya auri wata bazawara da ita ma ta binne mijinta a hanya. Oma ta ce ba maganar so ake yi ba a lokacin, shi yana da yarinya ba uwa, ita tana da yara ba uba. Ta wannan matar aka haifi kakanta. Akwatin ya iso bayan watanni a amalanken wani, ƙoshiyar tana ciki.

Bai sake saƙa ba. Babu zaren lilin, babu masaƙa, babu mai kuɗin saye. Hannun da ya saba da zare ya koma sarar itace da fasa dutse. Ya koyi cin tuwon masara da bai taɓa gani ba, ya koyi kora shanu da kaya zuwa San Antonio, ya sayar wa sojojin da aka girke a Fort Martin Scott a 1848 masara da ciyawa, da haka ya tara abin sayen gona a bakin wani rafi. Duwatsun da garma ta tono ya jera su suka zama katanga, ba siminti ba laka, tana nan har yau. Oma ta kai ni na dafa ta. Tana da karin magana da ta gada, mai kari a harshensu: na farko mutuwa, na biyu wahala, na uku burodi. Ta ce shi ya ci rabon na farko da na biyu a haɗe, don su su samu na uku.

Ba zan ɓoye ba, akwai inda labarin yake tsaya mini a wuya. Mutanen garin suna alfahari da yarjejeniyar da shugabansu John Meusebach ya ƙulla da sarakunan Comanche a 1847. Ya shiga ƙasarsu da 'yan mutane kaɗan, ya zauna da su a bakin kogin San Saba, aka yi alkawarin zaman lafiya da kyautar kaya na dala 3,000. Sukan ce ita ce yarjejeniyar da ba a taɓa karyawa ba. Oma ma ta ce a shekarar yunwa Comanche ne suke kawo zuma da naman daji suna musaya, kuma ba don su ba da an ƙara kaburbura. Na yarda da wannan duka. Amma biyu daga cikin manyan sarakunan da suka zauna da Meusebach kwalara ta kashe su a 1849, kuma zuwa 1875 an tattara ragowar Comanche an kai su wani keɓaɓɓen wuri a inda yau ake kira Oklahoma. Mu kan ce baƙo raɓa ne. A nan raɓar ce ta zauna, mai gida ya tashi. Masaƙin bai kori kowa da hannunsa ba, talaka ne da yunwa ta koro. Duk da haka gonar da ya bar wa jikokinsa wani aka raba da ita. Na faɗa wa Oma haka wata rana, a hankali, ina tsoron kada in ɓata mata. Ta yi shiru, can ta ce mahaifinta yakan tsinci kan kibiya na dutse a bayan garma, ya tara su a gwangwani, bai taɓa yarda a sayar ba.

Haka ma zancen bauta. Da jihohin kudu suka ɓalle a 1861 don riƙe bayi, gundumar Gillespie, inda garin yake, ta jefa ƙuri'ar ƙin ɓallewa da babban rinjaye, suka kuma ɗanɗana kuɗarsu. A ranar 10 ga Agusta 1862 sojojin kudu suka afka wa wani ayarin samari, yawancinsu Jamusawa, a bakin kogin Nueces suna ƙoƙarin tsallakawa Meziko don kada a sa su yaƙi. Aka kashe da dama, har da waɗanda suka ji rauni. Ƙasusuwansu suna garin Comfort ƙarƙashin wani farin dutse da aka kafa a 1866. Abin a jinjina musu ne. Sai dai ita ƙungiyar da ta kawo su ta taɓa mallakar gandu da bayi a gundumar Fayette, kuma akwai Jamusawan da suka yi wa kudu yaƙi. Masaƙin, in ji Oma, ɓoye agolansa ya yi a cikin duwatsu, ana kai masa abinci da dare.

Ɗan gidan da na tsaya a gabansa ɗan masaƙin ne ya gina shi. Gidan Lahadi suke kiran irinsa. Gonaki sun yi nisa da gari, don haka manomi yakan gina ɗaki ɗaya ko biyu a filinsa na cikin gari. Ranar Asabar a ɗaura dawaki, a loda ƙwai da man shanu da kaji, a shigo a ci kasuwa, a ga likita, a je rawa da dare, a kwana, yara a sama ta matakalar waje, Lahadi a je coci, da la'asar a koma gona. Duk wanda ya san yadda mutanen ƙauye suke shigowa gari ran Juma'a ya san wannan tsari. Oma takan lumshe ido in tana ba da labarin: ƙarar ƙafafun dawaki, warin fitilar kananzir, ƙararrawar coci da yammacin Asabar, mata a baranda suna shan kofi da kek suna kawo labarin wanda aka haifa da wanda ya rasu. Tun daga wannan kai na titi har wancan, Jamusanci ne. Wajen shekara ɗari garin ya yi haka, a tsakiyar Amurka, jikokin jikoki suna shiga makaranta ba su jin Turanci.

Harshen ma ya zama ɗan ƙasa. Sun tarar da wata dabba mai wari irin bodari wadda babu ita a Jamus, suka sa mata Stinkkatze, kyanwa mai wari. Da jirgin sama ya bayyana suka ce Luftschiff, jirgin iska, kamar dai yadda mu ma muka ɗauki jirgin da muka sani a ruwa muka kai shi sama. Suka ari kalmomin Turanci na shinge da rafi da kiwo suka lanƙwasa su. Oma ta ce wasu baƙi daga Jamus sun taɓa jin maganarta suka ce kamar kakar kakarsu ce ta tashi daga kabari. Sun faɗa ne da sha'awa, ita kuwa kunya ta ji. Tun 2001 masu bincike na Jami'ar Teksas a Austin, ƙarƙashin Hans Boas, suke bin tsofaffi suna naɗar muryoyinsu, sun naɗi ɗaruruwa. Na roƙe ta ta je. Ta ce nata Jamusancin na kicin ne da garke, ba na ajiyewa ba ne. Ban iya shawo kanta ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da nake da-na-sani a kai.

Yaya aka yi ya mutu? Yaƙin duniya na farko ya sa duk abin da ya shafi Jamus ya zama abin tuhuma, a 1918 Teksas ta yi dokar koyarwa da Turanci kaɗai a makarantun gwamnati. Oma ta shiga aji ba ta jin abin da malama take faɗa, ta sha tsayuwa a lungu saboda bakinta ya suɓuce. Yaƙi na biyu ya zo, samarin garin suka tafi, wasu suka yaƙi Jamus ɗin kanta, ɗan garin kuma, Chester Nimitz, wanda kakansa yana cikin mazaunan farko, shi ya jagoranci rundunar ruwan Amurka a tekun Pasifik. Aka shimfiɗa kwalta, mota ta kashe amfanin gidan Lahadi, rediyo da talabijin suka shigo ɗaki, farin shekarun 1950 ya kori matasa zuwa birane. Jaridar Neu-Braunfelser Zeitung da aka kafa a 1852 ta daina fitowa da Jamusanci a 1957. Duk wannan gaskiya ne, amma da na tambaye ta kai tsaye me ya sa 'ya'yanta ba su ji, ba doka ta ambata ba. Ta ce, "Ni na hana su, yarona. Ni da babansu muka ajiye shi don abin da ba mu so su ji. Ban so a tsayar mini da ɗa a lungu."

Ba ta kuma yarda a yi mata kukan zamanin da. In na fara yabon kwanakin gidan Lahadi sai ta miƙo mini hannuwanta. Wutar lantarki ba ta fara isa gonakin tuddan nan ba sai ƙarshen shekarun 1930, wasu ma sai bayan yaƙi. Kafin nan ruwa a bokiti ake ɗaukowa daga rijiya, wanki a kan wutar itace, guga da dutsen ƙarfe a tsakiyar zafin bazara. Ta ce matan zamanin mahaifiyarta kafin su kai arba'in sun ranƙwafa. Ta kai ni tsohuwar maƙabartar garin ta nuna mini layin ƙananan kaburbura, rubutun Jamusanci a kansu, wannan wata uku, wannan shekara biyu. Ta ce a cikin 'ya'yanta babu wanda ta binne yana ƙarami, duk sun yi karatu, wannan jikan nata ga shi zai zama injiniya. Ta ce in mutumin akwatin nan zai dawo ya gani, ba zai ce an yi asara ba, abin da ya zo nema ke nan.

Na daɗe ina juya wannan magana, ban kuma iya ƙaryata ta ba. Garin yau yana cikin wadata. Hanyar da ta taho daga Austin cike take da gonakin inabi da wuraren ɗanɗana giya, motoci a cunkushe ran Asabar, gidan da manomi ya gina don kwana ɗaya a mako yanzu kuɗin kwanansa ɗaya ya fi abin da manomin yake gani a shekara. Jikokin da suka sayar sun samu abin biyan makaranta da asibiti. Sai dai da yawansu ba za su iya sayen gida a garin kakanninsu ba. Masu wanke kwanuka da gyaran gadaje kuma yawanci 'yan Meziko ne da ƙasashen kudu da ita, suna kwana a gefen gari, suna aika kuɗi gida, 'ya'yansu suna amsa musu da Turanci. In ana neman masaƙin a Fredericksburg ta yau, ina ganin a cikinsu za a same shi, ba a shagon tsaraba ba.

Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne wasiƙun. Ƙanwarsa ce take rubuto masa daga Nassau, shekara da shekaru, har wasiƙun suka tsaya. An yi su da tsohon rubutun hannu na Jamusawa, mai tsini-tsini kamar ƙaya, wanda aka daina koyarwa a Jamus ɗin ma tun 1941. Oma tana iya tsintar kalma nan da can. Bayanta babu kowa. Mutum ya binne mata da ɗa a hanya don zuriyarsa ta ci burodi, ta ci ta ƙoshi, ga maganar gidansu a hannunsu ba mai iya ji. A gidanmu akwai wata jakar fata da takardun kakana na ajami, lissafin bashin zare da wasiƙun wani ƙaninsa da ya tafi Makka a ƙasa ya zauna a Sudan bai dawo ba. Ni ina karantawa da ƙyar. Na zo Amurka da niyyar shekara huɗu, ga shi na haifi 'ya'ya uku a nan. Ina yi musu Hausa suna ba ni amsa da Turanci, kuma na kama kaina ni da mahaifiyarsu muna komawa Hausa daidai lokacin da ba mu so su gane. Babu wanda ya kafa mini doka, babu wanda ya tsayar da su a lungu. Gajiya ce kawai da saurin rayuwa, da son kada su zama bare a cikin tsaransu.

Oma ta rasu ina wata jihar, ban samu jana'izarta ba. Daga ƙofar mai lambobi na kira abokina, ya ce akwatin yana wajensa a Houston. Washegari na ɗauki babbar 'yata, mai shekara tara, muka je. Yana falo, an shimfiɗa masa ƙyalle an ɗora hotuna. Muka sauke hotunan muka ɗaga murfin, warin nan ya taso bai canza ba. Ya ce ya ɗauki hoton wasiƙun ya aika wa wata tsohuwar malama a Jamus da ta iya rubutun, ta fassara uku, saura goma sha wani abu. Ta farkon duk tambaya ce: ko akwai coci a can, ko yarinyar tana tuna uwarta, ko ya samu masaƙa.

'Yata ta zura hannu ta ɗauko katakon, ta tambaye ni da Turanci mene ne wannan. Na ce ƙoshiya. Ta ce koshiya. Na ce a'a, daga can cikin maƙogwaro, ta sake gwadawa, a karo na huɗu ta fito da ita. Abokina yana kallonmu, sai ya ce ya san Oma tana da sunan da take kiransa, ya manta. Na ce Schiffchen. Ya ce in sake faɗa. Na sake, a hankali, yadda ta koya mini. Ya tashi ya nemo biro da 'yar takarda, muka yi ta gardamar yadda ake rubuta shi har muka duba a waya. Ya rubuta, ya miƙa wa yarinyar ta rubuta tata kalmar a ƙasa, na nuna mata yadda ake lanƙwasa kan ƙ. Ya naɗe takardar ya cusa a cikin fafen katakon, inda zare yake zama, muka mai da murfin.